Malam Lurwanu da Ragowar Rini

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ku gyara zama ku saurara. Masu shigowa ta baya, ku nemi wuri a hankali.

Sunansa Malam Lurwanu. Shi ba likita ba ne, ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti. Mutum ne marar hayaniya, in kun haɗu a hanya, gaisuwa ce kawai ya wuce.

Aikinsa kula da wata na'ura mai tace ƙwayoyin jini. Bari in kwatanta muku, don labarin ba zai zauna ba sai da wannan. Jinin da ke jikinmu cike yake da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin ɓargon ƙashi ake yin su. Idan sankarar jini ta kama mutum, wasu ƙwayoyin sai su lalace, su cakuɗe da lafiyayyu. Likita yakan huda ƙashin ƙugu da allura ya zuƙo ɓargo, a kawo wa Malam Lurwanu a 'yar kwalba. Shi kuma ya ɗiga wani rini na musamman, wanda masu cutar kaɗai yake kamawa. Na'ura ta jera ƙwayoyin cikin wani siririn ruwa kamar zare, su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske mai kaifi. Wadda rini ya kama sai ta yi ƙyalli, na'ura ta gane ta. Ruwan ya tsinke ɗigo-ɗigo, ɗigon da ke ɗauke da ita a sa masa lantarki, ya karkace ya faɗa kwalbarsa daban, sauran su wuce. Da haka ake tara masu cutar zalla, a bincika su, a san maganin da zai kama su. Ilimi ne da Allah ya ba ɗan Adam.

To amma rinin nan daga ƙasar waje yake zuwa, kuma ba kullum yake isowa kan lokaci ba. Ɓargo kuwa, in an ciro shi daga jiki, ba ya jiran kowa. Ya daɗe a ajiye, ƙwayoyinsa su mutu.

Ana nan sai matarsa Barira ta kwanta ciwo. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ta yi fari fat, dasashinta na jini. Aka kwantar da ita a asibitin da mijinta yake aiki, likita ta ce za a ciro ɓargonta a tace. Malam Lurwanu ya leƙa firji, ya ga rini ya yi ƙasa, amma a idonsa zai ishi mutum biyu. Hankalinsa ya ɗan kwanta.

Ranar da za a yi, da hantsi, aka miƙo masa kwalba. Ya duba, ba ta Barira ba ce. Ta wani manomi ce, Malam Ilu, da aka kawo daga ƙauye mai nisa. Ya karɓa ya ajiye. Bai gama wanke hannu ba aka miƙo ta biyu, ga sunan matarsa a jiki. Ya ɗauko rini ya auna. Ya sake aunawa. Jama'a, na mutum ɗaya ne.

Ya kira likitar a waya, ya gaya mata halin da ake ciki.

Ta ce, "Malam Lurwanu, ciwonsu iri ɗaya ne, gaggawarsu ɗaya. Ka san ƙa'idarmu, wanda ya riga isowa shi ake yi wa. Wanne ya riga zuwa hannunka?"

Ku saurara da kyau. Babu wanda ya san amsar nan sai shi. Waɗanda suka kawo kwalaben mutum biyu ne daban, ba su haɗu ba. Kalma ɗaya ce zai faɗa, babu mai ƙaryata shi har abada.

Ya ce, "Likita, ba ni ɗan lokaci, zan kira ki."

Ya zauna, ya miƙe. Ya buɗe firji, ya rufe. Ya je bakin taga ya dawo. Ya ce a ransa, in na raba rinin biyu fa? Amma ya san aikinsa. In rini ya yi kaɗan, ƙyallin zai dushe, na'ura ta kasa bambanta mai cuta da lafiyayya, a cuci mutum biyu maimakon ɗaya. Ya ce, to in je in tambayi Barira? Har ya kama ƙofa ya saki. Yaya za ka je wa marar lafiya da irin wannan tambaya, ka sauke nauyinka a kanta?

Yana cikin wannan kai da kawowa sai ga Tanimu, yayan Barira, ya leƙo. Ya ga fuskarsa, ya ce, "Lafiya? Me ya faru?"

Malam Lurwanu bai iya ɓoye abu ba, ya gaya masa komai.

Tanimu ya shigo ya turo ƙofa. Ya sassauta murya. "To mene ne abin tsayawa tunani? Ka ce nata ne ya riga."

"Yaya, ba nata ne ya riga ba."

"Wa ya gani?"

"Ni na gani."

"Lurwanu, uwar 'ya'yanka ce fa! Da hannuna na ba ka amanarta. Wancan mutumin ka san shi? Ko fuskarsa ka taɓa gani?"

"Ban san shi ba, Yaya. Amma shi ma an huda masa ƙashi yau da safe. Shi ma yana da mai jiransa."

Tanimu ya riƙe hannunsa, idonsa ya kawo ruwa. Ba mugun mutum ba ne, jama'a, kada ku zage shi, ƙanwarsa yake so. Ya ce, "Don girman Allah. Sau ɗaya ne a rayuwarka. Ka yi, ka nemi gafara daga baya."

Wannan magana ta fi kowace shiga zuciyar Malam Lurwanu, don irin ta ce zuciyar ke raɗa masa tun ɗazu. Ya dubi kwalaben nan biyu. Launinsu ɗaya, yawansu ɗaya, in ka rufe sunayen ba ka bambanta su. Gumi ya jiƙa masa riga. Lokaci kuma yana tafiya, ƙwayoyi suna mutuwa a duka biyun.

Ya ɗauki waya. Ya ce, "Likita, na Malam Ilu ne ya riga."

Tanimu ya saki hannunsa, ya fita.

Malam Lurwanu ya ɗiga rinin ƙarshe a ɓargon baƙo. Ya saita na'ura kamar yadda ya saba, bai gaggauta ba, bai yi ha'inci ba. Ya zauna yana kallon allo, ɗige-ɗigen haske suna taruwa, hawaye na hana shi gani, yana sharewa da bayan hannu don kada wani abu ya kuskure masa. Kwalbar matarsa na gefe, bai iya duban ta ba.

Da ya gama, bai aika kowa ba, da ƙafarsa ya je ɗakin da take kwance. Ya durƙusa a gefen gado ya gaya mata.

Kuna tsammanin ta yi murmushi ta ce ya kyauta? A'a. Mutum ce, kuma tana jin ciwo. Ta ce, "Za a sake huda ni ke nan, Malam?"

"Za a sake, in rini ya iso."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

Ta juya fuska bango. Ya zauna nan har la'asar, ba ta waiwayo ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Da ka ce nawa ne ya riga, da za ka gaya mini gaskiyar daga baya?"

Ya ce, "Da ban iya haɗa ido da ke ba."

Ta ce, "To miƙo mini ruwa."

Makonni suka shuɗe kafin rini ya iso. Makonni masu nauyi. Ana ƙara mata jini, tana samun sauƙi tana komawa. Shi kuwa ya rame, yana tsakanin ɗakin gwaji da bakin gadonta, kullum yana tambayar ko kaya sun zo. Daga baya aka sake huda ta, aka tace, aka sa ta a magani. Ta tashi, amma ƙarfinta na da bai dawo ba. Ya tambayi likita ko jinkirin ne ya jawo. Ta ce, "Wannan babu wanda zai iya ce maka e ko a'a." Da wannan tambayar ya ci gaba da rayuwa. Tanimu ya daɗe bai taka gidan Malam Lurwanu ba.

Malam Ilu kuwa magani ya karɓe shi, ya koma gonarsa. Har ya bar asibitin bai san an yi wani mutum mai suna Lurwanu ba.

Jama'a, na ga wasunku suna jira in ce daga baya an ɗaukaka shi, an kira shi an yaba masa. Ba a yi ba. Ladansa yana wurin wanda ya gani. Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne, adalci ba a sanin mai shi sai ranar da naka ne a ɗaya ɓangaren, kuma babu mai kallo. Kai da ke raba taki, kai da ke tsaron layi a asibiti, ke da ke ɗaukar yara makaranta, kai da ke rabon gado, kowannenmu akwai haƙƙin wani baƙo a hannunsa, wanda bai san mu ba, ba kuma zai gode mana ba. Gobe da safe ɗan'uwanka zai zo ya raɗa maka, "Wa ya gani?" Ka tanadi amsarka tun yau.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana ko da a kan namu ne. Ku ce amin.