Kurege da Jirgin Kai Saƙo

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

A shekarar da manyan dawa suka daina zuwa kasuwa, Kurege ya ga ta kansa. Abin da ke zubewa a hanya in an ɗauko kaya, da shi yake ciyar da kansa da matarsa Dela. Sai wani kamfani ya kawo jirgi marar matuƙi, mai farfela huɗu da ido ɗaya a ƙirji. Kana kwance za ka yi oda ta waya, jirgin ya zo ya duba fuskarka, ya ajiye maka kaya. Ko ƙwaya ba ta faɗuwa.

Kwana uku Kurege yana kan tsamiya yana kallo.

Dela ta ce, "Maigida, kallon za mu dafa?"

Ya ce, "Ni ne fa Kurege. Abin da aka ciro daga kwali ba zai fi ni ilimi ba. Miƙo min gashin masara."

Ya naɗa shi a wuya ya zama geza, ya hau suri a ƙofar gidan Zaki, Zakin kuwa na ciki yana barcin rana. Jirgin ya sauko, ya ƙura masa ido.

"Barka da rana, Zaki. Ka rame."

Kurege ya ce, "Azumi nake."

"An tabbatar. Na koyi sabon abu: Zaki yakan ƙanƙance."

Ya ajiye ƙunshin kilishi ya tashi.

Da gari ya waye, Kurege ya ɗiɗɗiga gawayi a jiki, ya tsaya bakin ramin Kura yana ɗingishi. Jirgin ya ce, "Yi dariya a tabbatar." Ya ƙyalƙyale, aka ba shi balangu. A hanyar gida ya tarar da Zaki na gaske tsaye da gezarsa, jirgin na ce masa, "Yi haƙuri, malam, ba kai ba ne. Zaki ɗan ƙarami ne." Kurege ya gaida shi da ladabi, ya wuce da ƙunshinsa a hammata.

Da gari ya waye, ya ce yau gyaɗar Giwa zai ci.

Dela ta ce, "Nama bai ƙare ba, Maigida. Ka bar Giwa."

"Na yi Zaki, na yi Kura. Giwa ai kunne ce da hanci."

Ya ɗaura faifai biyu a kai, ya cusa hanci a guntun tiyo, ya tsaya a filin da Giwa ke shan hantsi kafin ta dawo daga rafi. Wanda ya zo ba jirgin jiya ba ne. Babban wansa ne, irin mai ɗaukar siminti a wurin gini. Inuwarsa kaɗai ta rufe filin.

"Barka da hantsi, Hajiya Giwa. A ajiye kamar kullum?"

Kurege bai san yadda ake yi kullum ba, amma babba ba ya tambaya. Ya kaɗa tiyo ya ce, "Kamar kullum."

Ashe kullum a gadon bayanta ake sakar mata buhun gyaɗar.

Tim!

Daga ƙarƙashin buhu wutsiya kaɗai ke motsi. Jirgin ya duba wutsiyar ya ce, "An samu hatsari. Na sanar da maƙwabta mafi kusa su kawo ɗauki."

Maƙwabtan kuwa Zaki ne da Kura, dukansu da yunwa. Suka ɗaga buhun, suka ga faifai, suka ga tiyo, suka ga sauran gawayi a bayan kunne.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan Giwar ƙamshin balanguna take yi."

Kurege ya ce, "Ku tambayi jirgi." Suna ɗaga kai sama, ya zare jiki. Kura ta kai cafka, ta sami rabin gashin wutsiya.

Ya faɗa raminsa da ƙafa uku, ya ja hannun Dela suka ɓulle ta ƙofar baya, suka nausa cikin dawa. Tana gudu tana faɗa, shi bai tanka ba, don kumatunsa cike suke da gyaɗa. Sai da suka haye rafi ya haɗiye, ya dafa ƙugu ya ce, "Jirgi uku... to, biyu, ba wanda ya gane ni. Dela, wa kika ce yana yin odar zuma?"

Ƙurunƙus, nan na baro su.