Zane na Biyar a Allon Hiyori

A bene ɗaya muke da Chizuru a garin Takamatsu, kuma na san ta farin sani. Mace ce mai tsafta da ƙoƙari, sai dai in aka yabi wata a gabanta, ranar abinci ba ya mata daɗi. Mijinta Noboru kamfani ya tura shi can birnin Sapporo mai nisa, sai lokacin hutu yake zuwa. Ita kaɗai ke riƙe da 'yarsu Hiyori mai shekara huɗu.

Wata rana malamar yara ta ce kowace uwa ta zana wa ɗanta ayyukan safe a kwali, tunda ba su iya karatu ba. Chizuru ta kwashe kwana uku tana nata: tashi, wanke fuska, goge haƙori, sa kaya. Da aka kai, sai malama ta ɗaga na Kanae, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu bara. Zanen duk a karkace yake, amma na biyar ya nuna ɗanta Tomoki a durƙushe gaban hoton mahaifinsa, ya ajiye ɗan kwanon shinkafa, kamar yadda muke yi wa mamatanmu. Malama har da share hawaye.

"Maman Tomoki, ashe haka kika iya zane?" in ji Chizuru, da murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Ina ni ina zane, Maman Hiyori? Abin da muke yi ne kawai."

A hanya ta ce mini, "Kin ga kan yaron kamar dankali? Wai shi ake yi wa kuka. Ai ni ma mijina ba ya gida, zan sa hotonsa a nawa."

Na ce, "Naki fa yana numfashi."

"Ke dai kin cika tsoro. Gaisuwa ce kawai."

Ta sake sabon kwali, ta ƙara na biyar: Hiyori gaban hoton Noboru da kwanon shinkafa. Gaskiya ya fi na Kanae kyau nesa ba kusa ba, kuma abin ya ba ni haushi. Kullum da safe sai yarinyar ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya. Amma Hiyori tana wasa a gidan su Tomoki, ta san wa ake ajiye wa shinkafa. Ba ta tambayi kowa ba. Ta rage cin abinci, in uban ya kira waya sai ta ɓuya bayan labule. Chizuru ta ce shagwaɓa ce, ta ci gaba da tura wa iyaye mata hoton kwalinta.

Noboru ya dawo a hutun Obon, kwanakin da ake kunna fitilu domin matattu su kawo ziyara gida. Ya tsaya a ƙofa da tsaraba, ya buɗe hannu. Hiyori ba ta rugo ba. Ta shiga kicin, ta fito da kwanon shinkafa, ta durƙusa ta ajiye a gaban ƙafarsa.

"Baba, kwana nawa aka ba ka kafin ka koma wajen baban Tomoki?"

Noboru ya dubi kwalin da ke bango, ya dubi matarsa. Wata huɗu ke nan 'yarsu tana makokinsa ita kaɗai, uwar ba ta sani ba.

Darasin da ke nan shi ne, kafin ka yi hassadar yabon da aka yi wa wani, ka duba abin da ya rasa kafin ya same shi. Kuma abin da ka zana wa yaro domin mutane su gani, shi gaskiya yake ɗaukarsa.