Jinginar Tabawa

An yi wani manajan bankin ba da jari da ya gindaya wa Tabawa mai ƙuli-ƙuli sharaɗi biyu: ta kawo jingina, kuma ta tsaya tsakiyar kasuwa ta rantse ba ta da komai, a ɗauke ta hoto.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, jinginata ɗaya ce, mutuncina. Da shi masu gyaɗa ke ba ni buhu bisa amana. Ka karɓa?"

Ya yi dariya ya ce, "Na karɓa."

Ta gyara mayafi ta ce, "To, ya zama kayan banki. Bismillah, mu je kasuwar ka zubar da shi da hannunka."

Manaja ya sosa ƙeya, ya sallami mai hoto.