Ƙamshin Kankana a Ɗakin Man Kaɗe

An yi wani mutum a zangon Yendi. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da rai, 'ya'yansa kuma suna shiga cikin jama'a. Mutum ne mai tsabta da kamun kai. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko goro bai dame shi ba. In an kira salla, a sahun gaba za ka same shi.

Yana aiki a wurin Hajiya Zenabu, wata 'yar kasuwa daga Bawku, wadda ta kafa wajen yin man kaɗe a bakin gari. Mata ne ke yin aikin. Su soya ƙwarar kaɗanya, a niƙa, su yi ta bugu da hannu har mai ya taso, a tafasa, a tace. Daga nan sai a zuba a robobi, a kai wani ɗaki mai sanyi a bar shi ya daskare. Wanda ya san man kaɗe ya san halinsa: duk warin da ya gifta kusa da shi yana da ɗumi, sai ya sha ya riƙe. Masu saye kuwa, waɗanda ke fita da shi ƙasashen waje, hanci suke fara sawa kafin a yi maganar ciniki. Don haka Hajiya ta kafa doka. Ba a shiga ɗakin nan da turare a jiki, ba a kusantarsa da kifi ko kananzir, balle taba.

Da sigarin lantarki ya shigo gari, wannan ɗan abin mai kama da biro da ake yi wa caji, sai gardama ta tashi tsakanin samarin da ke ɗaukar kaya. Wasu suka ce ai wannan ba taba ba ce, ba wuta, ba toka, tururi ne kawai. Hajiya ta saurare su ta ce, "Ko tururin koko ne, ba a cikin gidana ba. Mai sha ya fita bayan ƙofa, gindin darbejiya, lokacin hutu. In ya gama ya wanke baki da hannu kafin ya dawo." Magana ta ƙare a nan.

Mutumin nan ya daɗe a wurin. Ya ga farkon ginin, ya ga lokacin da robobin ba su cika kusurwa ɗaya ba. Da tsohon da ke riƙe da makullin ɗakin mai ya gaji ya ajiye aiki, bai yi shakkar cewa shi za a ba ba. Har ya faɗa wa matarsa.

Sai Hajiya ta kawo wani saurayi daga Salaga, sunansa Kamaldeen, wanda ya yi shekaru yana saya mata ƙwara a ƙauyuka. Ta sa masa makulli a hannu a gaban kowa.

Ya 'yan uwa, an rage wa mutumin nan albashi ne? A'a. An ci masa mutunci? Ko kaɗan. Abin da yake ci jiya shi yake ci yau. Amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. In Kamaldeen ya wuce makulli na ƙara a aljihunsa, sai ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. In saurayin ya ce masa, "Yaya, ina kwana, ya gida?" sai ya ji kamar zagi ne. Mma, tsohuwar da ke shugabantar mata masu bugu, takan tsokani saurayin: "Mijina na Salaga, yau ma ba ka kawo mini doya ba? To na sake ka!" Mata su kwashe da dariya. Mutumin nan yana gefe yana tuna cewa duk shekarun da ya yi, ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan wasa.

Ya yi ta neman aibin yaron. Ba ya makara, ba ya taɓa kayan mutane, ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ya samu. Kamaldeen ya koyi shan taba tun yana yaron mota, yana kuma fama ya rabu da ita, shi ne ya koma sigarin lantarki yana ragewa a hankali. Lokacin hutu yakan fita gindin darbejiya ya ja, ƙamshin kankana ya tashi, ya wanke baki ya dawo.

Sai mutumin nan ya zama mai wa'azi. A wurin aiki, a majalisar shayi, a ƙofar masallaci, zancensa ke nan. Abin nan guba ne, ɓarnar dukiya ne, yana lalata samari. Wa ya san abin da aka zuba a ciki? Dattawa suka riƙa jinjina masa, har aka san shi da wannan a zango. Ya je wurin Hajiya ya ce bai dace mai shan wannan abu ya riƙe ɗakin mai ba.

Ta ce, "Ka gan shi ya sha a ciki?"

Ya ce bai gani ba.

Ta ce, "To Malam, ranar da ka gani ka zo. Ni dokata ya bi."

Da ya tsaya a nan, da ya tsira. Amma kalmar nan, ranar da ka gani, ta zauna masa a rai. Ya tashi da ita, ya ci tuwo da ita. A ƙarshe ya ce wa kansa: yaron nan ai yana sha a ciki, ban dai kama shi ba ne. In na sa abin ya fito fili, gaskiya na taimaka. Kun ji yadda Shaiɗan ke yi. Ba ya cewa ka yi ƙarya. Cewa yake ka taimaki gaskiya.

An aike shi Bawku da saƙon Hajiya. A can, inda ba a san fuskarsa ba, ya shiga wani shago ya sayi irin na Kamaldeen, mai ƙamshin kankana, ya ɓoye a aljihun ciki.

A wurin aikin nan, in azahar ta yi kowa na fita salla, a bar mutum ɗaya gadi, a rataye makulli a ƙusa kusa da shi. Mutumin nan ya ce shi zai riƙa tsayawa, ya yi tasa daga baya. Aka yaba masa. Da sawu ya ɗauke, ya buɗe ɗakin, ya tsaya kan robobin da aka zuba da safe, ya ja, ya busa. Tari ya sarƙe shi, kansa ya juya, har ya dafa bango. Ya ce a ransa, wannan ƙazantar mutane ke saye da kuɗinsu?

Kashegari ya shinshina man, bai ji komai ba. Sau ɗaya bai isa ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Kullum ana kabbara a masallaci, shi yana sunkuye kan man mutane yana busa. Tari ya ragu. Jiri ya daina zuwa. Bai lura da ranar da ya fara ɗokin azahar ba, kuma ba don salla ba.

Mai saye ya zo daga Tamale, ya buɗe roba, ya kai hanci, ya ɗago ya dubi Hajiya. Ya ce, "Hajiya, alawa kika koma yi?" Ya ware robobin da suka sha ƙamshi ya ce ba zai ɗauka ba.

Ba wanda ya yi dogon bincike. Wa ke da makulli? Wa ke shan mai ƙamshin kankana? Kamaldeen ya rantse da Allah bai taɓa shiga da shi ba. Ya juya ga mutumin nan ya ce, "Yaya, kai kake gadi, ka faɗa musu. Ka taɓa ganina?" Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai na sha faɗa." Ya ma ji daɗi a ransa cewa bai yi ƙarya ba.

Hajiya ta sallami Kamaldeen. Ya ajiye makulli, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya kama hanyar Salaga. Mma ta bi shi har ƙofa tana share ido da gefen mayafi. A ranar aka ba mutumin nan abin da ya daɗe yana so.

To, buƙata ta biya. Ya ce gobe zai jefa abin a masai. Gobe ta yi, ya ce jibi. Ran da ya gwada bari, ya yi wa matarsa tsawa a kan ruwan wanka, ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Abin da ya ɗauko don ya kama wani ya riga ya kama shi.

Ku duba inda ya sa kansa. Ina zai sha? Gindin darbejiya, inda doka ta yarda? Shi da ya cika zango da wa'azi? Samarin da ya yi ta kunyatawa suna nan zaune. A gida? Matarsa da 'ya'yansa sun haddace maganganunsa. A hanya? A Yendi duk babur ɗin da ya wuce akwai wanda ya san ka a kai. Wuri ɗaya ne a duk faɗin garin da ido ba ya kai wa, wanda zai shiga ya kulle ba mai tambayarsa. Ɗakin mai.

Ya san abin da ƙamshin ke yi wa man, ya fi kowa sani. Ya riƙa tsayawa jikin ƙaramar taga yana busawa waje, ya riƙa rufe robobi da buhu. Amma sau ɗaya a yini ya daina isarsa. Ya koma shiga da hantsi, da azahar, da la'asar. Iska kuwa ba ta karɓar umarni, tana mayar da abin ciki.

Lokacin nan ne Hajiya ta samu ciniki mafi girma tun da ta fara sana'ar. Mata suka yi ta aiki har hannuwansu suka kumbura, ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Ranar ɗaukar kaya, Hajiya ta taso daga Bawku, ta haɗu da mai saye a hanya, suka iso da wuri ba tare da sanarwa ba. Suka tarar da ɗakin a kulle ta ciki. Ta ƙwanƙwasa. Ba a buɗe ba. Ta sake bugawa da ƙarfi, mata suka bar aiki suka taru.

Da ya buɗe, hasken rana ya faɗa cikin ɗakin, kowa ya ga farin tururi yana lilo a kan robobi. Ƙamshin kankana ya fito ya tarye su.

Mai saye bai ko shiga ba. Ya juya ya koma motarsa.

Hajiya ta dube shi. Sannan ta ce, "Malam, tun yaushe?"



Mma ce ta matso, hannunta duk mai, ta ce, "Wannan ƙamshin ne ya kori ɗan mutane. Ashe kai ne mai gadin azahar. Muna can muna salla, kai kana nan kana tofa wa wahalarmu." Ta juya ga mata: "Ku gan shi, malamin zango!"

Man nan sai a kasuwa aka karyar da shi wa masu sabulu. Kafin magariba labari ya gama gari. Majalisar da ke jinjina masa ta yi tsit da ya doso. Ya nemi aiki a Yendi, ba wanda zai ba shi ajiyar ko buhun gawayi. Ya tafi Bawku, ya tarar labarin ya riga shi, don 'yan kasuwarmu duk hanya ɗaya suke bi. Salaga kuwa bai iya ko tunkara ba.

Hajiya da kanta ta je Salaga ta ba Kamaldeen haƙuri. Ya yafe mata, amma bai dawo ba. Ya ce tun ranar da aka kore shi ya ji ƙyamar abin, ya jefar, bai sake taɓawa ba.

Shi kuwa mutumin, yana tashar mota a Bawku yana taya lodi. Wanda ya gan shi kwanan baya ya ce ya rame, yana tsugune a bayan rumfar masu cajin waya, yana jiran abin nasa ya ɗauki wuta.

Ya 'yan uwa, akwai abin da ya daɗe yana damuna a labarin nan. Duk abin da mutumin nan ya faɗa a kan sigarin lantarki, ban ga inda ya yi kuskure ba. Ni ma ba na son ganinsa a bakin 'ya'yanmu. Ko a ranar da aka kori yaron, bai furta ƙarya ba. To yaya mai faɗin gaskiya ya halaka, mai shan abin ya tsira?

Abin da na iya ganowa shi ne, bai taɓa ƙin tabar ba. Ƙiyayyarsa a kan mai shan take. Da ya ƙi tabar, da ya ja Kamaldeen gefe ya ce, ƙanena, yaya zan taimake ka ka bari? Da ya yi murna ranar da ya ga yana ragewa. Amma da yaron ya daina a lokacin, da baƙin ciki zai kashe shi, don makaminsa ya faɗi. Wanda ke fatan ɗan uwansa ya dawwama cikin laifi don ya samu abin faɗa, wannan ba mai gyara ba ne, ko da kowace kalma tasa gaskiya ce.

Dokar wurin aiki amana ce. An kafa ta don ta tsare dukiyar mai wuri da gumin ma'aikata. Mai sha ya bi ta, ya kuma yi ƙoƙari ya rabu da abin. Wanda ba ya sha kada ya mayar da ita wuƙa. Kafin ka kai ƙarar abokin aikinka, ka tsaya ka tambayi zuciyarka: in aka ce mini ya gyara, zan ji daɗi ko zan ji haushi? In haushi za ka ji, to ka koma gida. Ciwon yana jikinka.

Allah ya wanke zukatanmu daga hassada. Allah ya sa mu iya ganin alheri a hannun wani mu yi barci lafiya. Waɗanda wannan abu ya kama, Allah ya kwance su, har da shi mutumin nan. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.