Daren Da Nieves Ta Ƙi Tashi Daga Kujera

Akwai wata mata a unguwar Triana ta birnin Sevilla, sunanta Nieves. A hannun mahaifinta ta koyi kaɗa jita, amma ta yi shekara ashirin a wani gidan flamenco, wato waƙa da rawar gargajiyar garin, ba a taɓa barinta ta hau dandamali ba. Aikinta kawai ta kaɗa wa masu rawa lokacin gwaji da rana.

Wata Asabar makaɗin gidan ya karye a hannu. Ƙarfe tara saura, tebura sun cika, ana ta kai zaitun da soyayyen kifi. Mai gidan, Doña Amparo, ta ce Nieves ta shirya.

Da babban mawaƙinsu, wani tsoho mai suna Don Eusebio, ya ji haka sai ya bushe da dariya.

"Mace ce za ta kaɗa min? Amparo, ashe kin fara rikicewa. Ke yarinya, je ki taya masu rawa da tafi."

"Shekarata arba'in da uku, Don Eusebio," in ji Nieves. "Kuma kujerar makaɗin can zan zauna. In za ka yi waƙa, bismilla. In ba za ka yi ba, ga ƙofa."

Ta ɗauki jitarta ta fita gaban jama'a ita kaɗai. Ba ta waiwaya ba. Ta fara kiɗa, surutu ya ɗauke.

Haushi ya kama tsohon. Ya fito da niyyar kunyata ta. Ya ja waƙar da sauri, ta bi shi. Ya sassauta ba zato, ta riga shi sauka. Duk inda ya karya, tana nan.

Sai ya ɗaga murya inda ƙarfinsa bai kai ba. Muryar ta fara shaƙewa. Nieves ta ji tun kafin kowa ya ji. Da ta yi shiru na daƙiƙa biyu, da mutum tamanin sun ga faɗuwarsa. Maimakon haka ta daki tsirkiya da ƙarfi, ta cika wurin da kiɗa har ya samu numfashi ya dawo.

Jama'a suka miƙe suna ihun yabo, "Olé!" Ba wanda ya gane abin da ya faru sai su biyu.

A bayan labule ya tsaya gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Me ya sa kika rufa min asiri?"

Tana goge jitarta ta ce, "Ba don kai na yi ba. Waƙar ce ba ta cancanci a wulaƙanta ta ba. Kuma gobe ma ni ce a kujerar."

Sai ya kira ta da laƙabin girmamawa, ya ce, "Ƙarfe nawa ne gwaji, Doña Nieves?"

Darasi: Kada ka bar wurin da ka cancanta don wani ya raina ka. Ka tsaya, aikinka ya ba shi amsa, kuma ranar da ya faɗo hannunka kada ka zama irinsa. Ku tura wa duk wanda ake danne wa basira.