Batir Ɗaya, Mota Huɗu

Akwai wani bakaniken soja, Saja Sharhabilu, ɗan wani ƙauye da ke bayan Dosara. Yana aiki a wani ƙaramin sansani tsakanin Bakura da Maradun.

Duk ƙarshen wata ana aika wa manya rahoton shiri: sojoji nawa ke nan, harsashi nawa, mota nawa za ta tashi idan aka kira, kuma cikin minti nawa. Motocin sintiri huɗu ne a sansanin, amma batir mai rai guda ɗaya ne tak.

Sau biyu Sharhabilu yana rubuta gaskiya, sau biyu shugabansa, Kyaftin Nasidi, yana yaga takardar. Ya ce ba za a hana shi ƙarin girma saboda batir ba. Ya sa aka ajiye motocin a rumfuna daban-daban. In masu dubawa sun zo, sai a tayar da ta farko, a ja su shan shayi ko kallon makamai, Sharhabilu ya kwance batirin ya kai wa ta biyu.

Wata bakwai ana haka, ana rubuta huɗu cikin huɗu. Manya suka gamsu, suka mayar da motocin agaji wani yankin.

Wata Laraba da hantsi 'yan bindiga suka shiga ƙauyen su Sharhabilu. Kira ya zo ƙarfe goma da kwata. Batirin yana jikin motar da ba ta da birki, inda dubawar ƙarshe ta bar shi. Kafin a sauya, a kama hanya da mota ɗaya, sha biyu ta kusa. Mutum tara aka binne. Cikinsu har da Sufyanu, ƙanen Sharhabilu, wanda aka samu a gonar gero da fartanya a hannu.

A zaman makoki mahaifiyarsu, Inno, ta ƙi amsa gaisuwarsa. Da ya gaya mata yadda aka yi, sai ta ce, "Ga ka da bindiga, kuma mutumen nan yana can yana cin tuwo?"

Ya koma aiki da wannan magana a ƙirjinsa. Kullum a fareti yana kallon ƙeyar Kyaftin, ga bindiga a hannunsa. Bai harba ba. Ya jira kwana goma sha tara.

Ranar dubawa wani Kanar ya zo. Mota ta farko ta tashi, Nasidi ya fara zancen shayi. Sai Sharhabilu ya fito ya sara.

"Yallaɓai, ina roƙon a tayar da su huɗun lokaci guda."

"Saja, koma layinka," in ji Nasidi.

Kanar ya dubi fuskokinsu biyu, ya ba da umarni. Direbobi huɗu suka murɗa makulli. Mota ɗaya ce ta amsa. Kanar ya tambayi wanda ke yawo da batirin.

"Ni ne, Yallaɓai, da hannuna, bisa umarninsa. Ƙanena na cikin taran nan."

Kotun soja ta kori Nasidi daga aiki. Sharhabilu kuwa aka cire masa igiya biyu daga kafaɗa.

Da ya je gida ya iske Inno tana tankaɗe a tsakar gida, ya ba ta labari. Ta tambaya ko mutumin ya yi kuka. Ya ce a'a, zufa kawai ya yi. Ta ci gaba da tankaɗenta.

"To ni ban yahe mai ba, sai mun gamu gaban Allah. Kai ma ban gama da kai ba. Zamna ka ci abinci."

Darasi: Ƙaryar da aka rubuta a rahoton shiri, talaka ne ke biyanta da ransa. Wanda ya umarta da wanda ya bi duk suna da kaso a jinin. In za ka rama, rama da gaskiya, ko da za ta haɗa da kai. Ku tura wa duk wanda ke sa hannu a takarda a madadin jama'a.