Macijin da ke Jikin Kwali

Ku matso kusa. Wanda ya san zai ce mini mai digiri ne kaɗai ke da ilimi, ya tashi tun yanzu.

Kububuwa ta sari Inna Dudu a gonar gyaɗa. A asibiti aka yi mata allura uku ta sabon maganin dafi da wani kamfani ya fara kawowa bana, amma jini ya ƙi daina zuba daga dasashinta. Wakilin kamfanin ya ce, "Maganinmu takardunsa sun cika. Kwananta ne ya ƙare."

'Ya'yanta uku suka ce ba su yarda ba.

Ladidi, babbarsu, ƙididdiga ta karanta. Ta zauna da rajistar asibitin ta shekara biyu, ta gano cewa tun watan da aka canja magani mutuwar waɗanda maciji ya sara ta ninka. Dalili kuwa ba ta san shi ba.

Barau gardi ne, macizai ne sana'arsa, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Ya ɗauki kwalin maganin, ya ƙura wa hoton macijin ido. Ya ce, "Yaya, wannan ba kububuwarmu ba ce, dubi zanen bayanta. Da dafin macijin wata ƙasa aka haɗa shi." Wakilin ya yi dariya, har da tambayarsa ina satifiket ɗinsa. Barau ya nufi gonar, ya kamo kububuwa da ranta, ya tatso dafinta a kwalba.

Kyauta, autarsu, a ɗakin gwaji take aiki. Ta ɗebi jininta, ta haɗa da dafin, ta gwada sabon maganin: bai karya shi ba. Ta binciko ragowar tsohon, wanda aka ba ta umarnin mayarwa ta ƙi, ta gwada. Ya karya shi. Likita ya gani da idonsa, ya yi wa Inna allurar tsohon maganin. Kafin la'asar jinin ya tsaya.

Ni dai abin da ya ƙona mini rai, da aka zo rubuta rahoton janye maganin, layi ɗaya tal aka bari don sunan wanda ya gano. Inna Dudu na zaune tana shan kunu, ta ce ita uku ta haifa.

To, ga alƙalamin a hannunku. Sunan wa za ku rubuta?